“Sai Dai a Wanke”: Hukuncin da Ke Cinye Gumin Ɗalibi da Akawu

Akwai wata ’yar magana mai kalma huɗu wadda ta zama ruwan dare a bakin masu gyaran kwamfuta, tun daga Tudun Wadar Gusau har zuwa bakin tashar Tsafe da kasuwar Bungudu, watau “sai dai a wanke”. Duk wanda ya taɓa kai kwamfutarsa gyara bayan bairos ya shige ta ya san lokacin da ake faɗinta. An cire cutar, manhajar riga-kafi ta nuna alamar lafiya, mai kaya ya biya ya yi godiya, ya koma gida ya kunna, sai ya tarar da abin da bai bari ba. Firinta ta ƙi amsa kira. Manhajar da ta saba tashi da kanta kullum safiya ta yi shiru. Wani ɗan akwati ya faɗo tsakiyar allo yana cewa da Turanci an nemi fayil kaza an rasa. Wani ma allon ne kawai zai gani baƙi ƙirin, ba komai sai ’yar kibiya tana yawo. Ya sake ɗaukar kaya ya koma, mai gyara ya dubi allon na minti ɗaya, ya girgiza kai kamar wanda aka kira duba gawa, ya ce, “Malam, wannan sai dai a wanke ta.” Wankewa kuwa, ga wanda bai sani ba, ita ce fomatin: a share duk abin da ke cikin rumbun kwamfutar, a ɗora sabuwar Windows kamar yau aka haife ta.

Abin da na nemi fili a wannan mujalla tamu domin in faɗa shi ne, a mafi yawan lokuta wannan hukunci ba ilimi ne ya haife shi ba. Gaggawa ce da rashin sani, kuma mu ɗalibai da ƙananan ma’aikata mu ne ke biyan diyyarsa da gumin shekara guda ko biyu. Kundin binciken da ɗaliba ta yi wata tara tana harhaɗawa, jadawalin albashin da akawu ya yi shekara uku yana gyarawa, hotunan takardun filaye, sakamakon jarrabawar yara, duk sukan tafi cikin sa’a guda, alhali kuwa abin da ya lalace wani lokaci layi ɗaya ne tak na rubutu. Garin neman gira aka rasa ido.

Kafin in kama sunan masu laifi, dole ne mai karatu ya fahimci abin da ke faruwa a cikin na’urar, domin jahilcinmu a kan wannan shi ne jarin masu yanke mana hukunci. Ku tuna da malamin aji ɗaya a firamare da littafinsa na kiran suna. Windows ma tana da irin wannan littafi, sunansa rajista, kuma da zarar an kunna kwamfuta sai ta buɗe shi ta fara kira: wane ya tashi, wance ta tashi. Akwai shafi a cikinsa mai suna Run, inda aka jera manhajojin da za su yi sammako ba tare da an danna su ba. Akwai wata jaka ta ’yan sammako a gefe, akwai kuma jadawalin ayyukan da aka tsara wa lokaci, da ma’aikatan bayan fage waɗanda ba a ganinsu a allo amma su ke tuƙa firinta da sauti da haɗin intanet. Shi bairos babu abin da yake buƙata kamar a tashe shi kowace safiya, saboda haka aikinsa na farko da ya shiga gida shi ne ya rubuta sunansa a wannan littafi. Manhajar riga-kafi kuwa gwanar kisa ce, amma ba kullum take iya gyaran littafi ba. Takan kama gangar jikin cutar ta jefar, ta bar sunan nan daram a rajista. Washegari Windows ta zo kiran suna, ta kira wanda ya mutu, ba amsa, sai ta fito da akwatin nan na “an nemi fayil kaza an rasa”, sau da yawa fayil mai ƙarewa da vbs ko dll. Wannan akwati da ke tayar wa mutane hankali shaida ce cewa cutar ta mutu. Abin da ya rage shi ne a soke sunan mamaci daga littafi, aikin da bai wuce minti biyar ba. Amma kwamfutoci nawa aka wanke a jihar nan saboda shi?

Akwai wanda ya fi wannan makirci. Wani bairos ɗin bai gamsu da a kira shi cikin jama’a ba, sai ya naɗa kansa sarkin ƙofa. A cikin rajista akwai wani sashe mai suna Winlogon, mai layi biyu masu muhimmanci. Na farko, Userinit, shi ke nuna wanda zai tarbe ka bayan ka sa kalmar sirri, kuma abin da ya kamata a gani a wurin shi ne userinit.exe na cikin jakar system32, da waƙafi a ƙarshensa. Na biyu, Shell, shi ke shimfiɗa maka tebur da duk alamomin da ka saba dannawa, kuma abin da ya dace da shi shi ne explorer.exe. Idan cutar ta goge waɗannan ta sa sunanta, muddin tana raye za ta riƙa tashi sannan ta tashi na gaskiyan, don kada a gane ta. Ranar da aka kashe ta ba a mayar da layin yadda yake ba, ranar ce kwamfuta za ta karɓi kalmar sirrinka ta sake koro ka waje nan take, ko ta bar ka da baƙin allo. Haka nan akwai layin da ke gaya wa Windows abin da za ta yi idan an danna fayil mai ƙarewa da exe, watau kusan kowace manhaja. Wasu cututtukan sukan karkatar da shi ta yadda duk abin da ka danna sai ya bi ta hannunsu. A cire su, sai ya zama ko wace manhaja ka taɓa, kwamfuta ta tambaye ka da me za ta buɗe ta. Mai kallo zai rantse na’urar ta haukace. Ba ta haukace ba, dillalin da ya tsaya tsakani ne aka kora ba a sake haɗa mai saye da mai sayarwa ba.

Duk waɗannan suna da magani sananne, kuma kyauta. Tun daga Windows 8 akwai shafin ’yan sammako a cikin Task Manager, inda za ka ga wanda aka kashe ka tashe shi, ka ga baƙo ka kwantar da shi. A tsofaffi irin su Windows 7 msconfig ke wannan aiki. Akwai wata ’yar manhaja mai suna Autoruns, daga cikin kayan Sysinternals na Mark Russinovich waɗanda kamfanin Microsoft ya saye a 2006, wadda ke baje maka dukan littafin kiran sunan a fili, har ta shafa wa sunayen da ba su da gangar jiki launin rawaya don ka gane su. Akwai umarnin sfc /scannow, wanda ke bin fayilolin Windows ɗaya bayan ɗaya yana maye gurbin waɗanda aka ɓata. Akwai hanyar mayar da na’ura yadda take a wata rana ta baya, wadda ba ta taɓa takardun mutum. Wanda zai shiga rajista da hannu kuwa, ƙa’idar farko ita ce ya ɗauki kwafin sashen da zai taɓa kafin ya canza ko harafi ɗaya. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar digiri. Karatu suke buƙata, da haƙurin zama a gaban allo na rabin sa’a. To, wannan rabin sa’ar ce mai gyara ba ya son bayarwa, domin wankewa aikin hannu ne da ya haddace: ya cusa filashi, ya danna sau biyar, ya juya ya kama gyaran wayar wani, kuma kuɗin wanka ya fi kuɗin bincike kauri.

Mu zo kan filashi, domin nan ne kukan ɗalibai ya fi yawa. Ɗaliba ta taso daga Kwalejin Kimiyya da Fasahar Lafiya ta Tsafe, ko ɗalibi daga Jami’ar Tarayya ta Gusau, da babi na uku a filashi, ya kai shagon buga takardu. Ya dawo ya tarar duk jakunkunansa sun rikiɗe sun zama alamomin yanke masu ’yar kibiya a gindi. Aka sa riga-kafi, ta share alamomin, filashi ya zama fayau kamar sabo. Sai kuka, sai a ce masa bairos ya cinye komai, a wanke filashin a huta. Alhali da ya duba girman abin da ke ciki zai ga wurin a cike yake. Wannan irin cuta, wadda ta barbazu a duniya tun wajen 2013 da sunaye irin su Jenxcus ko Houdini, kuma wadda Microsoft ta kai ƙarar masu yaɗa ta a watan Yuni na 2014, ba cin fayil take yi ba, ɓoye shi take yi. Takan manna wa jakunkunan alamar ɓuya, ta ajiye na bogi a madadinsu don ka danna ka tashe ta. Layi ɗaya, attrib -h -r -s /s /d da aka nufa da shi kan filashin, yakan yaye mayafin komai ya bayyana. Ina tambaya: a cikin kwas ɗin sanin kwamfuta da ake tilasta wa ɗalibai a shekarun farko, wane malami ne ya tsaya ya koya wa ajinsa wannan layi? An haddace mana sunan Charles Babbage da zuriyoyin kwamfuta biyar, an bar mu ba mu san yadda za mu ceci babi na uku ba.

Zan yi wa mai gyara adalci, domin ba kowane “a wanke” ne ƙarya ba. Akwai cututtuka irin su Sality, wanda aka fara gani a 2003, da Virut da Ramnit, waɗanda ba sa zama a gefe. Su cikin jikin manhajojin kansu suke shiga, su liƙa dafinsu a kowane fayil ɗin exe da suka samu. Sality har yakan kulle Task Manager da ƙofar rajista, ya goge hanyar tashin kariya da masu gyara ke kira sef mod, don kada a same shi yana barci. Idan riga-kafi ta zo ta kasa raba dafi da nama, sai ta kwashe manhajojin gaba ɗaya ta zuba a ɗakin killacewa. Shi ya sa mutum zai ga bayan an yi masa magani rabin kayan aikinsa sun ɓace. A irin wannan hali, ko masana na duniya sukan ba da shawarar a sake ɗora Windows, domin ba wanda zai iya rantsuwa cewa an tsince dafin kaf. Na yarda da wannan. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a rushe ɗaki da kayan amarya a ciki. Kwamfutar da ta ƙi tashi kwata-kwata ma ana iya tayar da ita da Linux daga filashi, a kwashe takardu da hotuna da jadawali zuwa wani rumbu, a tace su da riga-kafi, a bar manhajojin da suka kamu, sannan a wanke. Windows ta yanzu tana da hanyar sabunta kanta ba tare da taɓa takardun mai ita ba. Mai gyaran da ya wanke bai kwashe ba, kuma bai faɗa wa mai kaya baki da baki cewa komai zai tafi ba, ba gyara ya yi ba, ɓarna ya yi, kuma da tela ne ya yi wa shadda irin wannan aika-aika da tuni an kai shi gaban mai unguwa. Wanda aka riga aka yi wa haka kuwa, ya daina zuba sabon abu a kan rumbun nan take. Sau da yawa wankan gaggawa jerin sunayen kawai yake sharewa, kuma manhajoji irin su Recuva da PhotoRec sukan tono abu mai yawa, musamman a tsohon rumbu mai faifai.

Kada kuma wani ya ɗauka wannan masifa ta ’yan ƙauye ce, ko kuwa ta baƙar fata. A ranar 21 ga Afrilu 2010 kamfanin riga-kafi na McAfee ya aika wa abokan cinikinsa sabuntawa wadda ta ɗauki svchost.exe, ɗaya daga cikin ginshiƙan Windows XP, a matsayin cuta, ta killace shi, dubban kwamfutoci a asibitoci da ofisoshi suka shiga kashe kansu suna kunnawa. A ranar 19 ga Yuli 2024 wani fayil mai kuskure daga kamfanin tsaro na CrowdStrike ya kayar da kwamfutoci kimanin miliyan 8.5, bisa ƙiyasin Microsoft, jiragen sama suka kasa tashi, bankuna suka tsaya, daga Amurka har Ostareliya. Magani ne ya zama cuta, a hannun manyan bokayen duniya. Amma ku duba yadda aka fita: ba wanda ya ce a wanke kwamfuta miliyan takwas. An gano fayil ɗin da ya jawo, aka gaya wa jama’a su tayar da na’ura ta hanyar kariya su goge shi, komai ya dawo. Bambancin da ke tsakaninsu da mu shi ne su sun tsaya sun tambayi abin da ya lalace.

To, idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Yanzu zan juyo kanmu. Akwai wani dalili na manhaja ta ƙi tashi bayan an yi magani wanda ba ma son a ambata, watau cewa tun asali ta sata ce. Rahoton ƙungiyar kamfanonin manhaja ta BSA na 2018 ya ƙiyasta cewa kimanin kashi 80 cikin ɗari na manhajojin da ke kan kwamfutoci a Nijeriya ba su da lasisi. Kowa ya san yadda ake yi. Mai gyara zai ce a kashe riga-kafi tukuna, sannan ya ɗora ’yar manhajar fasa makulli wadda ke yaudarar Windows ko Office su ɗauka an biya su. Watau da hannunmu muke sallamar maigadi mu buɗe wa baƙon da ba mu san asalinsa ba ƙofa, kuma da yawa daga cikin waɗannan masu fasa makullin da cuta suke zuwa a aljihu. Ranar da aka yi tacewa ta gaskiya, riga-kafi za ta kama wannan baƙo, domin ɓarawo ne a idonta, ta jefa shi ɗakin killacewa. Washegari manhajar lissafi ko ta zanen taswira ta ƙi buɗewa, domin ƙafar da take tsaye a kai ta aro ce. Mai gyara ya ce a wanke. Aka wanke, ya sake ciro filashin nan nasa da ya zaga kwamfuta ɗari biyu, ya sake kashe maigadi, ya sake ɗora ɓarawon. Bayan wata uku ka dawo. Tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da biri an sayi kare. Shi kuwa ciniki ya samu mai maimaita kansa.

Ɗalibin da ke kirga kuɗin abinci ina iya yi masa uzuri, ko da yake LibreOffice kyauta ce kuma tana buɗe takardun Word da Excel, Ubuntu kuma kyauta ce, tana tafiya a kan tsofaffin kwamfutocin kwance da muke saye. Wanda ba shi da uzuri shi ne ofishin gwamnati. A ba da kwangilar sayen kwamfutoci, a rubuta kuɗin lasisi a takarda, ɗan kwangila ya kawo na’urori ya kira yaro daga kasuwa ya cika su da kayan sata, a yi biki a yanka zare a ɗauki hoto. Ba wanda ya tambayi inda takardun lasisi suke, ba wanda aka ware wa aikin kula da su, ba kobo a kasafi don riga-kafi ko rumbun ajiyar kwafi. Ranar da ta kwanta, masinja za a ba ya kai ta kasuwa a kan babur, da sunayen ma’aikata da lambobin asusunsu da komai a cikinta, a ajiye ta kwana uku a shagon da kowa ke shiga. Ƙasar nan tana da dokar laifuffukan intanet ta 2015, tana da dokar kare bayanan jama’a ta 2023, wadda ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane nauyin tsare su. Tana da hukumar NITDA tun 2001, tana da majalisar rajistar ƙwararrun kwamfuta wadda dokar soja mai lamba 49 ta 1993 ta kafa. Takardu dai ba mu rasa su ba. Jihar Schleswig-Holstein ta ƙasar Jamus, wadda ba talauci ya dame ta ba, ta yanke shawara a 2024 ta mayar da kwamfutocin ma’aikatanta kimanin 30,000 kan LibreOffice da Linux. Mu da ke kukan rashin kuɗi mun zaɓi sata, sannan mu biya kuɗin wanka sau uku a shekara.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma bangonmu tsagewa yake ƙara yi. Microsoft ta daina aika wa Windows XP gyaran tsaro a ranar 8 ga Afrilu 2014, ta daina wa Windows 7 a ranar 14 ga Janairu 2020, ta kuma rufe tallafin yau da kullum na Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025. Yawancin kwamfutocin kwance da ke hannun ɗalibai ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Wanda yake so ya san abin da rashin liƙe ɓaraka ke jawowa ya tuna da WannaCry ta watan Mayu 2017, wadda ta ratsa ƙasashe kusan 150 ta durƙusar da asibitocin Ingila, alhali an fitar da maganinta tun watan Maris, mutane ne ba su ɗora ba.

Mu nan Zamfara kuma muna da tamu ƙarin larura. Riga-kafi abu ne mai buƙatar abinci kullum. Idan ba ta sha sabon jerin cututtuka daga intanet ba, makauniya ce. A watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa a jihar nan saboda matsalar tsaro, an yi makonni, wasu wuraren watanni, babu kwamfutar da ta sabunta komai, kuma duk wata takarda da za ta tashi daga Bungudu zuwa Gusau, ko daga Tsafe zuwa sakatariya, a filashi ta yi tafiyar. Ko a lokacin lafiya ma tsadar data da ɗaukewar wuta sun sa filashi ne motar hayarmu. Wannan hanya kuwa tsohuwa ce ga cuta. Bairos na farko da ya yaɗu a kwamfutoci irin namu, mai suna Brain, wasu ’yan’uwa biyu ne suka rubuta shi a Lahore ta Pakistan a 1986, kuma a faifan hannu ya zaga duniya. Conficker na 2008 ya bi ta filashi, har ta kai Microsoft a watan Fabrairu 2011 ta toshe wa tsofaffin Windows ɗabi’ar nan ta tayar da abin da ke cikin filashi da zarar an cusa shi. Mutanen da rayuwar karatunsu da aikinsu ta rataya a kan filashi su ne ya fi kamata a ce sun fi kowa sanin halinsa. Amma ga mu nan, tun da aka ƙirƙiro jihar a 1996, tun da JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta a 2015 ta tura kowane yaro gaban allo, har yanzu hukuncin ƙarshe a kan kwamfutar mai digiri yana hannun wanda ya koyi sana’ar da kallo cikin wata shida.

Ban faɗi haka don raina yaran kasuwa ba. Da yawansu sun fi masu takarda saurin hannu, kuma babu wanda ya taɓa zaunar da su ya nuna musu Autoruns. Laifin na makarantun da ke kewaye da su ne. Muna da jami’ar tarayya a Gusau tun 2013, da kwalejin fasaha ta tarayya a Ƙauran Namoda, da ta Abdu Gusau da jami’ar jiha a Talatar Mafara, da kwalejin ilimi ta tarayya a Gusau, da ta jiha a Maru. Kowace shekara suna yaye masu takardar ilimin kwamfuta, waɗanda da yawansu idan tasu ta kwanta kasuwar nan suke kai ta su ma. Ilimin da ya iya zana taswirar tsarin manhaja a allo amma ya kasa gyara layi ɗaya a rajista, wa yake yi wa amfani?

Saboda haka ga abin da nake kira ga ƙungiyarmu ta ɗalibai ta yi, kuma bai kai kuɗin walimar maraba da sababbin ɗalibai ba. A ware ɗaki ɗaya, ’yan ajin ƙarshe na sashen kwamfuta su riƙa zama a ciki bi da bi, yammacin Laraba da safiyar Asabar, a nemi sashen ya lissafa musu shi cikin aikin gwaji. A sayi rumbun ajiya na waje guda biyu, da filashi uku masu makullin hana rubutu, ɗaya da Linux, ɗaya da kayan tacewa. A kafa kwamfuta ɗaya mai Linux a bakin ƙofar laburare, wadda duk filashin da ya dawo daga shagon buga takardu zai bi ta kanta, domin cututtukan nan na yanke ba sa tashi a can, kuma jakunkunan da suka ɓoye a fili suke bayyana. A rubuta doka ɗaya da manyan baƙaƙe a jikin bango: ba a wanke kwamfuta a ɗakin nan sai an kwashe takardun mai ita, ya gani da idonsa, ya sa hannu. A kuma gayyato masu gyara na gari sau ɗaya a zango, a yi musu bita da Hausa, kyauta. Wanda ya halarta a sa sunan shagonsa a allon sanarwa don ɗalibai su san inda za su.

Ku kuma ’yan’uwa matasan ma’aikata, ba sai kun jira takardar umarni daga babban sakatare ba. Ranar Juma’a kafin a tashi, kowa ya kwafe aikin makonsa zuwa wuri biyu waɗanda ba cikin kwamfutar ofis ba, ɗaya ya kwana a kulle a wani ɗaki dabam. Idan an ce za a kai na’ura gyara, ku ce a kira mai gyaran ya zo ofis ya yi a gabanku. Da ya buɗe baki ya ce sai dai a wanke, ku tambaye shi sunan cutar da ya gani, ku ce ya buɗe ɗakin killacewa ku ga abin da aka zuba a ciki, ya nuna muku jerin ’yan sammako, ya karanta muku abin da ke rubuce a layin Userinit da na Shell. In ya amsa, ya kuma ce har yanzu wanka ne mafita, ku miƙa masa rumbun ajiya ya fara kwashewa. In ya yi tsuru-tsuru, ku biya shi kuɗin babur ya koma, ku kira wani.